'Yata tana kiwon dawakin da babu su a ƙasa: in hana ta ko in bar ta?

"Assalamu alaikum, Malam. 'Yata mai shekara 14 ta shiga wani zaure a intanet inda suke wasan kwaikwayo na kiwon dawaki. Ta ce tana da barga da goɗiyoyi uku, kullum sai ta rubuta abin da ta yi musu, har gasa suke shiga, alhali ba ta taɓa hawa doki ba a rayuwarta. Rannan na tarar da ita tana kuka, wai ɗaya daga cikin goɗiyoyin ta yi ɗingishi an cire ta daga gasa. Shin wannan abu yana da wani amfani, ko in hana ta tun bai cinye mata lokaci da hankali ba?"

Wa alaikumus salam, Malama. Na fahimci abin da ya tayar miki da hankali, domin duk uwar da ta tarar da 'yarta tana zubar da hawaye a kan dabbar da ba a taɓa haifa ba dole ta tsaya ta yi tunani. Idan na fahimce ki daidai, kina son sanin ko wannan wasa yana ƙara wa yarinya wani abu ko kuwa ɗebe mata yake yi kawai, sa'annan ko hanawa ita ce mafita. Zan amsa miki da abin da na gani da idona, domin na shafe shekara goma sha ɗaya ina cikin masu kula da wani zaure irin wannan, kuma kafin nan na yi aiki a barga ta gaske lokacin da nake ɗalibi, ina share turke, ina wanke dawaki, ina fitar da su kilisa. Ra'ayina shi ne kada ki yi gaggawar hana ta, amma kuma kada ki bar ta ita kaɗai a ciki, saboda dawakin na ƙirƙira ne, mutanen da take hulɗa da su kuwa na gaske ne, kuma a wajensu amfanin yake, a wajensu haɗarin yake.

Abin da ake yi a ciki

Wannan wasa ya girmi 'yarki nesa ba kusa ba. Tun a ƙarshen shekarun 1990, lokacin da intanet ya fara shiga gidaje, 'yan mata masu son dawaki a ƙasashe irin su Finlan da Jamus suka riƙa buɗe shafuka da hannunsu, kowace ta gina bargar da babu ita a ƙasa, ta ba dawakinta suna da asali da hali, ta gayyaci wasu su zo su kama aiki a wajenta. A Finlan abin ya yi ƙarfi har suka kafa rajista guda, inda ake ba kowane dokin ƙirƙira lambarsa domin a san iyayensa da gasannin da ya shiga. Daga baya kamfanoni suka ga akwai kasuwa. A shekarar 2005 aka buɗe a Faransa wasan kiwon dawakin da duniya ta sani da sunan Howrse, kuma kamfanin Ubisoft ya sayi masu shi a 2011. A 2011 ɗin ce kuma aka fito da wasan Star Stable Online a ƙasar Suwidin, inda mai wasa yake hawan doki yana yawo a wani tsibirin ƙirƙira mai suna Jorvik, yana haɗuwa da sauran masu wasa, har su kafa ƙungiyoyin mahaya. Wasan Minecraft ya sami dawaki a 2013, wasan The Sims 4 ya ƙaro sashen kiwon dawaki a 2023, kuma kowanne daga cikinsu ya haifar da jama'ar da ke tsara labarinta a kai. A dandalin masu zane na DeviantArt kuwa, sai ka zana dokinka yana tsallake shinge kafin a ce ya shiga gasa.

Daga bayaninki, na 'yarki irin na rubutu ne, kuma shi na fi sani. Yadda yake tafiya shi ne, mutum zai ƙirƙiri mahayinsa, ya ba shi suna da shekaru da tarihi, sa'annan ya sami doki ta hanyar saye da kuɗin wasa ko ta hanyar haihuwa a bargarsa. Daga nan sai a riƙa rubutu bi da bi. Ɗaya ta rubuta cewa ta shiga barga da asuba ta tarar goɗiyarta ba ta taɓa ciyawarta ba, ta biyu wadda take riƙe da matsayin likitar dabbobi ta amsa da abin da ta gani da ta duba ta, ta uku mai turken da ke kusa ta sa baki. Babu wanda ya mallaki labarin shi kaɗai, kuma dokar da kusan kowane zaure yake da ita ita ce ba a yarda ka motsa mahayin wani ko dokinsa ba sai da izininsa. Gasanni kan kwaikwayi ɓangarori ukun da ake yi a wasannin Olamfik, wato tsallaken shinge, da nuna ladabin tafiyar doki, da gasar da ta haɗa waɗannan biyun da gudu a fili.

Dalilin hawayen

A zaurukan da suka ɗauki abin da muhimmanci, ba mai doki ne yake zaɓar abin da zai sami dokinsa ba. Masu kula sukan jefa ƙuri'a da na'ura, lambar da ta fito ita ce za ta nuna ko doki ya ci gasa, ko ya yi tuntuɓe, ko ya ji ciwo. Mun shigo da wannan tsari ne a zaurenmu bayan mun lura cewa idan aka bar kowa da son ransa, kowane doki zai zama zakara, babu mai faɗuwa, babu mai ciwo, kuma cikin 'yan makonni wasan zai mutu don babu abin da za a rubuta. Saboda haka mai yiwuwa ɗingishin nan faɗo wa 'yarki ya yi daga sama, bayan ta shafe watanni tana rubuta horon goɗiyar shafi bayan shafi domin wannan rana. Abin da take yi wa kuka aikinta ne da ya tafi a banza a ganinta, da kuma kunyar da ta ji a gaban ƙawayen da suka san tana shiri. Wannan bai bambanta da kukan ɗalibar da ta kwana tana shirin muhawara aka soke ta da safe ba, kuma ni ban ɗauke shi alamar cewa ta kasa raba gaskiya da wasa ba. 'Yar shekara 14 ta san sarai cewa babu goɗiya a ɗakinta.

Abin da zai sa in damu daban ne. Idan kukan ya ɗauki kwanaki, ko ta daina cin abinci, ko kuma aka gano cewa ba ƙuri'a ce ta cire ta ba, wasu ne suka haɗa kai suka ware ta, to magana ta canza, kuma zan dawo kan wannan.

Abin da take koya

Na farko rubutu ne, kuma a nan nake da yaƙini fiye da ko'ina. Yarinyar da take rubuta sakin layi uku ko huɗu kowace rana, ga masu karatu suna jiran ta, kuma suna amsa mata a cikin sa'o'i, tana samun atisayen da aji ba ya iya ba ta. Na ga waɗanda suka shigo suna rubuta jimla ɗaya tilo, "na hau doki na yi gudu", bayan shekara biyu suna iya bayyana yadda kunnuwan doki suke kwantawa baya kafin ya yi tutsu, da yadda mahayi yake jin hakan a cinyarsa tun kafin ya gani. Ba wanda ya ba su maki a kan haka. Sun ga na gaba da su suna yi ne, sai suka ji kunyar nasu.

Na biyu shi ne sanin doki, kuma zurfin da wasu suke kaiwa yakan ba ni mamaki, domin zaure mai kyau ba ya karɓar ƙarya. Idan yarinya ta rubuta cewa goɗiyarta ta haihu wata uku bayan barbara, za a gaya mata cewa cikin goɗiya wata goma sha ɗaya ne, kwana 340 ko kusa da haka, kuma sai ta jira daidai wannan a kalandar wasa. Idan ta ɗora wa dukushi sirdi yana ɗan shekara ɗaya, za a ce ta sauke, sai ya kai uku ko huɗu. A haka take sanin cewa ana gyaran kofato duk bayan mako shida zuwa takwas, cewa tumbin doki ƙarami ne idan aka gwada da girman jikinsa, don haka yake buƙatar ci kaɗan-kaɗan a tsawon yini, cewa doki ba ya iya amai, shi ya sa murɗar ciki take iya kashe shi, kuma cewa ana auna tsayinsa da tafin hannu mai inci 4, daga ƙasa zuwa saman kafaɗa.

Inda abin ya fi burge ni shi ne lissafin gadon launi. Zaurukan kiwo suna bin ƙa'idojin ƙwayoyin gado na gaskiya, don haka kafin ta haɗa ingarma da goɗiya sai ta zauna ta zana akwatin nan mai gida huɗu da ake koyarwa a darasin kimiyyar halittu. Za ta gano cewa jajayen dawaki biyu ba sa haifar baƙi, cewa dokin da yake yin fari da tsufa dole ɗaya daga cikin iyayensa ya kasance haka, kuma cewa akwai ƙwayar gado guda wadda idan jan doki ya gaji kwafi ɗaya nata sai ya fito ruwan zinariya da farar geza, idan ya gaji biyu sai ya fito kusan fari da shuɗin ido. Akwai ma wani nau'in dabbare-dabbare wanda idan aka haɗa masu ɗauke da shi biyu, kashi ɗaya cikin huɗu na yiwuwar a haifi farin dukushi mai hanjin da ba ya aiki wanda ba ya wuce 'yan kwanaki. Wata yarinya a zaurenmu ta yi wannan haɗin bisa rashin sani, ƙuri'a ta faɗa a kanta, ta rasa dukushin. Bayan mako guda ta rubuto dogon bayani ga sababbin shiga a kan yadda za su guje wa hakan, kuma har yau da shi muke amfani.

Akwai kuma koyon zama da mutane, wato jiran layi, da cika alkawarin amsa wa abokiyar rubutu, da karɓar hukuncin alƙalin gasa ko da bai yi daɗi ba. Wannan yana samuwa ne kawai idan zauren yana da shugabanci na gari.

Abin da ba za ta koya ba

Ba za ta koyi hawa ba, kuma ya kamata ku san wannan ku biyun. Hawan doki ilimi ne da yake zaune a jiki, a ƙugu da cinya da tafin hannu, kuma ba a samun sa ta karatu. Na taɓa raka wata daga cikin gwanayen zaurenmu, tare da mahaifinta, ranar da ta fara shiga barga ta gaske. Ta san sunan kowane sashe na linzami da sirdi, ta san inda majayi yake zama, amma abu na farko da ta yi shi ne ta bi ta bayan doki dab da shi ba tare da ta yi masa magana ba, a daidai wurin da ba ya iya gani, sai da mai bargar ya janyo ta. Da aka ce ta ɗaga kofato ta goge, ta kasa, domin ba ta taɓa jin nauyin dabba mai kilo ɗari biyar tana jingino a kanta ba. Haɗarin sani ba tare da gogewa ba shi ne yana ba mutum ƙarfin halin da bai kai ba. Idan wata rana dama ta samu ta hau, a kai ta wajen mai koyarwa, ta sa hular kwano, a ɗauke ta a matsayin sabuwa fil, komai yawan gasannin da ta ci a rubuce.

Inda haɗarin yake

Mafi girmansa mutane ne. Kowa a zaure yana sanye da rigar wani, wannan shi ne wasan, kuma wannan ne ya sa babba mai mugun nufi yake iya shiga ya ce shi ɗan shekara 15 ne ba tare da wani ya yi mamaki ba. Sau biyu a shekarun da na yi muka kori irin waɗannan, kuma hanyarsu ɗaya ce. Sukan fara da yabon rubutun yarinya, su ba ta kyautar doki mai tsada a wasa, sa'annan su ce su koma saƙon sirri su rubuta labari su biyu kawai, daga nan labarin ya bar barga ya koma soyayya tsakanin mahaya, sai neman hoto da tambayar inda take zaune, tare da roƙon kada ta gaya wa kowa. Abin da ya tona asirinsu duka biyun shi ne wata yarinya ta nuna wa babba saƙon. Ki sani cewa manhajojin sada zumunta na Discord da Instagram, inda da yawa daga cikin waɗannan zauruka suke taruwa, sun sa shekara 13 a matsayin mafi ƙaranci, abin da ya samo asali daga dokar Amurka ta 1998 mai kare bayanan yara, amma wannan shekarun da mutum ya faɗa ne da bakinsa, bai isa a dogara da shi ba. Haka kuma ba kowane wasa mai doki ne na yara ba. Red Dead Redemption 2, wanda ya fito a 2018 kuma yake da masu kwaikwayon rayuwar barga da yawa, na manya ne, cike yake da harbi da zubar da jini.

Ba sai baƙo ya shigo ba ma ake cutuwa. Tsakanin yaran kansu akwai ƙulle-ƙulle, da zargin satar zane ko satar suna, da alƙalan da ke fifita ƙawayensu, kuma yarinyar da aka ware a wurin da ta zuba zuciyarta tana jin zafin kamar yadda za ta ji a makaranta.

Kuɗi ya fi sauƙin tsarewa. Zaurukan rubutu galibi kyauta ne. Wasannin kamfanoni kuwa sukan buɗe ƙofa kyauta, sa'annan su nemi kuɗin wata-wata ko su sayar da sulallan wasa waɗanda da su ake sayen sababbin dawaki. Kada ki bar katinki a maƙale a wayarta, kuma ki gaya mata cewa duk wanda ya ce ta ba shi kalmar sirrinta zai cika mata asusu da sulalla, ɓarawo ne.

Lokaci shi ne abin da kika ambata da kanki, kuma kina da gaskiya. Mambobin zaure ɗaya sukan fito daga nahiyoyi daban-daban, don haka gasar da aka sa da yamma a wajen wasu tana iya faɗowa tsakar dare a wajen 'yarki, ga kuma nauyin da take ji cewa wata tana jiran amsarta. Ni ma'aunina barci ne da makaranta. Idan waɗannan biyun suna nan yadda suke, sa'a ɗaya ko biyu na rubutu a yini ba su dame ni ba.

Abin da zan yi da ni ne

Hanawa kai tsaye tana da illa biyu da na sha gani. Tana yanke yarinya daga ƙawayen da ta yi shekara tana tare da su ba tare da sallama ba, kuma sau da yawa ba ta dainawa, sai dai ta buɗe sabon asusu a ɓoye, wanda shi ne mafi munin hali, domin ranar da wani ya turo mata saƙon da ya tsorata ta ba za ta iya zuwa wajenki ba, tunda zuwan zai tona cewa ta saɓa miki. Zura mata ido kuma sakaci ne a shekarunta. Abin da nake ba iyaye shawara shi ne su shiga su gani. Ki zauna kusa da ita ki ce ta nuna miki bargarta, sa'annan ta buɗe miki shafin dokokin zauren ku karanta tare. Ki duba ko an rubuta iyakar shekaru, ko an hana labarin batsa da neman hoto da bayanan gida, ko masu kula sun fi mutum ɗaya kuma ana iya kai musu ƙara, ko ana yin wasan a fili inda kowa yake gani. Zauren da ba shi da rubutattun dokoki, ko wanda mutum ɗaya yake juya shi yadda ya ga dama, ko wanda yawancin harkarsa a saƙon sirri take, wannan zan ce ta bar shi, amma ki taimaka mata ta nemi wani, ta kwashe rubutunta da dawakinta ta tafi da su, domin zauruka da yawa suna karɓar dokin da ya zo da tarihinsa.

Sa'annan ku yi yarjejeniya mai sauƙi: babu sunanta na gaskiya, babu sunan makaranta, babu hoton fuska, waya tana kwana a wajen ɗakinta, kuma duk saƙon da ya sa ta ji wani iri za ta kawo miki ba tare da tsoron za a ƙwace wasan ba. Wannan sharaɗi na ƙarshe sai kin riƙe shi da gaske ranar da aka gwada ki.

Ina magana ne a matsayin wanda ya kula da zaure kuma ya yi aikin barga, kuma hukuncina a kan irin waɗannan zauruka ne gaba ɗaya, na 'yarki kuwa ke ce za ki buɗe ki gani. Idan kin lura ta janye daga mutanen gida, ko barcinta ya lalace, ko baƙin cikin ya ƙi wucewa, wannan ya wuce batun dawaki, aikin likita ne ko mai ba da shawara a makarantarta, kuma kada a jinkirta.

Game da goɗiyar kuwa, ki tambaye ta wace ƙafa ce, kuma mako nawa likitar wasan ta ce a huta. A zaurenmu doki mai ɗingishi yakan yi mako shida a turke bisa kalandar wasa, mai shi tana rubuta yadda take sanyaya ƙafar da ruwa, tana jan sa da ragama a hankali, tana jiran ranar da za a sake gwada shi da sassarfa. Idan nata zauren yana bin irin wannan tsari, tana da rubutun jinya mai yawa a gabanta, kuma za ki iya cewa ta karanta miki na farkon da bakinta.